Muhawara: saba wa ido da bununin hatsi, me gwajin ɓeraye ke iya nunawa?

Ɗalibin Masta, Yamai:
Assalamu alaikum malamaina. Shawara nake nema kan tsarin gwaji. Batun shi ne maganin nan na saba wa jiki da abin da yake ƙi, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan ana ƙarawa har garkuwar jiki ta daina tada hankali, amma a kan alerjin ido, kuma a jikin ɓeraye. Ga abin da na tsara: ɓeraye kashi biyu. Kashi ɗaya a shayar da su ruwan bununin hatsi mako biyu, ɗayan a ba su ruwa zalla. Daga nan a yi wa duka allurar da za ta sa su kamu da alerji, a ɗiga musu bununin a ido, a ga wanda ya fi ja da kumburi. Ku duba mini inda ya karkace tun kafin in kai wa kwamitin ɗa'a.

Hajiyar Labo:
Wa alaikumus salam ɗana. Tun daga tushe ya karkace. Abin da ka tsara rigakafi ne, ba magani ba. Ɓeran da bai taɓa haɗuwa da abu ba, in ka fara ba shi ta baki, hanjinsa zai koya wa garkuwar jiki ta ƙyale abin, kuma wannan sanannen abu ne mai sauƙin samu. Amma yaron da ake kawowa asibiti yana murza ido ya riga ya kamu. IgE, furotin ɗin garkuwa mai tada alerji, ta riga ta zauna a kan ƙwayoyin mast na tantanin idonsa, waɗanda ke sakin sinadaran ja da kumburi, ƙwayoyin garkuwa na Th2 masu rura alerji sun riga sun haddace abin. Juya garkuwar da ta riga ta yi nisa shi ne aikin mai wuya.

Dubi yadda masu bincike na Jami'ar Kochi a Japan suka yi da shinkafar da aka sa wa furotin na garin furen itacen sida, wanda ke damun mutanen ƙasar duk bazara. A 2015 sun nuna ciyar da ɓeraye shinkafar kafin su kamu yana hana alerjin ido. Ba su tsaya nan ba, sai a 2018 suka fitar da na biyu a kan ɓerayen da suka riga suka kamu. Tambayoyi biyu ne daban, shi ya sa aka yi aiki biyu.

Ga jerin da nake ba ka shawara. Ɓeraye irin BALB/c, mata, masu mako 6 zuwa 8, wajen giram 18 zuwa 20, don su suka fi karkata ga Th2. Rana ta 0 da ta 14 allura a kogon ciki, abin alerjin haɗe da alum, sinadarin da ke zuga garkuwa, miligiram 1 zuwa 2 cikin mikrolita 200. Rana ta 21 ka ɗebi jini ka tabbatar IgE ta hau, ka ɗiga a ido sau ɗaya ka tabbatar ciwon ya kama. Sai bayan nan ka raba su kashi-kashi ta hanyar ƙuri'a, sannan magani ya fara.

Mai Farmasi, Tawa:
Ƙarin bayani kan alum, don kada a yi kuskure: ba alif ɗin kasuwa da ake tace ruwa da shi ba ne. Kunun aluminiyom haidroksaid ne irin na alluran rigakafi. Kuma ba ya shiga sashen ƙanƙara na firigo ko kusa. In ya daskare sai ya dunƙule, ko ya narke ba ya komawa yadda yake. Ana gane shi da girgizawa: mai kyau yana daɗewa a gauraye kamar madara, wanda ya daskare yana kwantawa ƙasa da wuri, ruwa garai-garai a samansa. Digiri 2 zuwa 8 yake so. In za a haɗa, a riƙa ɗiga alum cikin ruwan furotin ana juyawa kamar minti 30, a kuma girgiza sirinji kafin kowane ɓera, in ba haka ba na farko ya sha ruwa, na ƙarshe ya sha laka.

Likitan Dabbobi, Tawa:
Hajiya, da girmamawa, ban yarda a tafi kai tsaye ga kusu ba. Idon kusu bai kai ƙwayar wake ba, kumburinsa sai da gilashin ƙara girma. Ɓeran Masar ya fi dacewa da halin da muke ciki. Idonsa babba ne, yana amsa histamin, sinadarin da ke jawo ƙaiƙayi da kumburi, da ƙarfi, kumburin tantanin ido kana ganinsa da idonka cikin minti 15 zuwa 30. Kuma akwai awo mai arha: a yi masa allurar shuɗin Evans a jijiya kafin a ɗiga, shuɗin ya manne da albumin, inda jijiyoyi suka yi yoyo nan zai fita. A yanke tantanin, a jiƙa cikin formamid, a karanta a nanomita 620. Kowane labo mai na'urar awon launi zai iya. Tun shekarun 1990 ake yin alerjin ido a ɓeran Masar da garin furen ragwid, ba sabuwar hanya ba ce.

Hajiyar Labo:
Dokta, gaskiyarka a kan awon kumburi. Amma me yaron nan yake son sani? In tambayar ita ce ko ido ya lafa, ɓeran Masar ya isa. In kuwa tambayar ita ce don me ya lafa, to kayan awon sinadaran garkuwa irin IL-4, IL-5, IL-13, IL-10 da Foxp3 na ɓera sun cika kasuwa, na ɓeran Masar ƴan kaɗan ne. Sannan a ɓeran Masar yawancin borin alerjin da ake gani IgG1, wani furotin garkuwa daban, ke ɗauke da shi tare da IgE, ga huhunsa mai saurin shaƙewa. Allurar saba wa jiki a dabbar da ta riga ta kamu tana iya kashe ta cikin mintoci. Kuma wanda ake kiwo a gidaje ba iri ɗaya ba ne, ba a san abin da ya taɓa haɗuwa da shi ba.

Likitan Dabbobi, Tawa:
Na karɓi maganar iri. Amma a lissafa kuɗin riƙon BALB/c a Yamai. Suna son digiri 20 zuwa 24, damshin iska kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari, haske awa 12 duhu awa 12. A watan Afrilu da Mayu zafi na haura 40, a hunturu kuma iska ta bushe ƙayau ga ƙura. In wuta ta ɗauke da rana na'urar sanyi ta tsaya, ko ba su mutu ba, wahala tana tada kortikosteron a jininsu, shi kuwa yana danne kumburi. Sai ka ga ido ya lafa ka ce magani ne, alhali zafi ne ya yi aikin. Dole a sa ma'aunin zafi mai ajiye lissafi cikin ɗakin, da batir ko sola na musamman. Shimfiɗar keji ma abin dubawa ce. Ɗusar katako mai ƙura da warin fitsarin da ya taru suna sa ido ja ba tare da wani alerji ba, don haka a canza ta aƙalla sau biyu a mako, kuma duk kashi-kashi rana ɗaya.

Ɗalibin Masta, Yamai:
Na gode. To ruwan bununin fa? Na yi niyyar sayen wanda aka riga aka haɗa na ciyawa daga Turai, tunda an ce ciyayi dangin juna ne.

Malamin Tsirrai:
Dangi ne, ƙanena, amma ba ɗaki ɗaya ba. Abin da ake sayarwa a Turai galibi na timoti ne da ƴan uwanta, ciyayin ƙasashen sanyi. Manyan furotin ɗinsu masu tada alerji rukuni na 1 ne da na 5. Hatsi da dawa da ƙarangiya suna wani reshe, kiri-kiri kuma tana wani, kuma waɗannan ba su da rukuni na 5. Rukuni na 1 ma kamar da ke tsakaninsu ba cikakkiya ba ce. In ka yi aiki da timoti, ka amsa tambayar Turawa, ba ta manomin Adar da ke ratsa gona lokacin da hatsi ke bununi ba.

Tattara naka ba shi da wuya, kulawa yake so. Zangarniyar hatsi tana fara fitar da farin gashin mace, bayan kwana biyu ko uku zaren namiji ya biyo baya da garin. Ka rufe zangarniya da jakar takarda da yamma, kada ka sa leda don tana tara gumi garin ya yi fumfuna. Da hantsi, bayan raɓa ta bushe, ka karkaɗe cikin jakar. Ka tankaɗe da rariya mai laushi don fitar da zare da ƙwari, ka busar a rufaffen mazubi da silika, sannan ka duba a madubin likita ka ƙirga ƙwaya 500 ko fiye. Garin ciyawa zagayayye ne mai ƙofa ɗaya tak. In ka ga ƙwayoyin fumfuna da yawa, zubar da shi ka sake, domin fumfuna ma tana tada alerji kuma ba za ka san wa ya yi aikin ba. Ka rubuta irin hatsin da gonar da ranar, kuma ka tara abin da zai ishe ka gwajin duka a damina ɗaya.

Hajiyar Labo:
Daga nan sai labo. A wanke maiƙon garin da aseton mai sanyi, a bar shi ya bushe. Giram 1 cikin mililita 10 na ruwan gishirin fosfat mai pH 7.4, a kwana ana juyawa a digiri 4. A juya a injin rabawa, a tace da matatar mikron 0.22, a auna furotin da hanyar Bradford a nanomita 595. A shimfiɗa a jel mai rarraba furotin bisa girma a ga layuka, rukuni na 1 yana fitowa wajen kilodalton 30 zuwa 35. A zuba ƙananan kwalabe a ajiye a digiri 20 ƙasa da sifili, kowace kwalba a narkar da ita sau ɗaya kawai.

Sai ɗan hakin da ake rainawa: endotoksin, wato guggubin bangon ƙwayoyin bakteriya. Matatar 0.22 tana tare ƙwayar, ba ta tare shi. An nuna a ɓeraye cewa kaɗan daga cikinsa yana tura garkuwa wajen Th2, mai yawa kuma wajen Th1, wanda ke danne Th2. Ke nan ruwa mai datti yana iya rage alerji da kansa, ka zaci bununi ne ya saba wa jiki. A auna da gwajin LAL a rubuta adadin. Kuma ina ba da shawara ka fara da obalbumin, furotin na farin ƙwai, a ɓeraye kaɗan, don hannunka ya faɗa kafin ka taɓa bununin da ka sha wuyar tarawa.

Ɗalibin Masta, Yamai:
Hanyar ba da maganin fa, Hajiya? Tunda ciwon a ido yake, me zai hana a ɗiga a idon kai tsaye ana ƙara ƙarfi?

Doktan Ido, Yamai:
Tunani ne mai ma'ana, an ma gwada shi a ƴan bincike ƙanana a mutane, amma bai zama hanyar da aka tsaya a kai ba. Matsalarsa a gwaji ita ce ruɗi. In kana ɗiga wa ido abu kullum, ƙwayoyin mast suna zazzage abin da ke cikinsu, su yi laushi na ɗan lokaci. Ranar awo ido ba ya ja, ba ya kumbura, kana murna. Ka yanka tantanin ka duba, sai ka tarar eyozinofil, fararen ƙwayoyin jini masu taruwa a wurin alerji, sun cika shi. Alamar minti 20 ta kwanta, kumburin awa 24 yana nan ko ya ƙaru. Sannan ɗigon ba ya zama a ido, yana gangarawa ta magudanar hawaye zuwa hanci ya haɗiye, ɓera kuma yana sharewa da hannu ya lashe. To ta ido ka ba shi ko ta hanci ko ta baki?

Abin sha'awa shi ne tun farkon wannan magani ido ne ma'auni. Leonard Noon, a asibitin St Mary's na Landan a 1911, allurar ruwan garin ciyawa yake yi ƙarƙashin fata, amma da ɗigo a ido yake auna ko jiki ya fara sabawa: ƙarfin da ake buƙata kafin ido ya yi ja yana ƙaruwa. Wannan dabara har yau ta fi awo da ƙarfi ɗaya. Ka jera ƙarfi uku ko huɗu, daga mai rauni, ka nemo inda kowane ɓera ke fara amsawa.

Hajiyar Labo:
Haka ne. Ni hanya biyu zan kwatanta. Ta ƙarƙashin fata: tsarin da aka fi sani a gwajin asma na ɓeraye shi ne obalbumin miligiram 1, allura uku, ana tsallake rana. Da bununi kada ka fara da sama, ka hau a hankali kamar kashi 1 cikin 100, sannan 1 cikin 10, sannan cikakke. Bayan kowace allura a zauna da su awa ɗaya. Borin jini, wato alerji mai tsanani da ke kama jiki duka, a ɓera yana nunawa da sanyin jiki, sai a auna zafi ta dubura kowane minti 10 zuwa 15. Wanda ya lafe, gashi ya tashi, numfashi ya yi nauyi, a san tun a takarda matakin da za a tsaya a sauƙaƙa masa.

Ta ƙarƙashin harshe: mikrolita 5 zuwa 10 kawai, a riƙe fatar ƙeya yadda ba zai haɗiye ba na kamar daƙiƙa 20, kwana biyar a mako, makonni da dama. In an wuce wannan yawan, ya zama shayarwa. Kashin da ba a ba magani ba shi ma a kama shi, a riƙe shi, a sa masa ruwa zalla daidai wannan lokaci.

Kashi biyu ba su isa ba. Kana buƙatar waɗanda ba su kamu ba, waɗanda suka kamu aka ba su ruwa zalla, waɗanda aka ba bununi, waɗanda aka ba wani furotin daban don a tabbatar sabawar ta bununi ce ita kaɗai, da waɗanda aka ɗiga wa deksametazon, maganin kumburi irin kortizon, don a san awon yana iya ganin sauƙi in ya samu. Abu mafi muhimmanci: bayan magani ya ƙare a raba kowane kashi biyu, rabi a gwada nan take, rabi a bar su mako uku ko huɗu ba a ba su komai, sannan a gwada. Wanda ya riƙe sauƙi bayan hutu shi ne ya saba da gaske. A mutane ma da wannan aka gane darajar maganin: binciken Stephen Durham da abokan aikinsa na 1999 ya nuna sauƙin ya ɗore shekara uku bayan an daina allurar da aka yi shekara uku zuwa huɗu ana yi.

Likitan Dabbobi, Tawa:
Wasu kurakurai na hannu da ke ɓata aiki. Kada a ɗebi jini ta bayan ido, hanyar da aka saba a labo da yawa, don ido ne abin awonka. A ɗiba ta jijiyar wutsiya ko ta kumatu, kuma kada a wuce kashi 10 cikin ɗari na jininsa, wajen mikrolita 150 ke nan ga kusu mai giram 20. In an sa shi barci da ketamin da zailazin ido yana zama a buɗe ya bushe har baƙin ido ya yi hazo, sai an shafa man kariya. Ɗigon gwaji mikrolita 5 ya isa, kuma bakin bututun kada ya taɓa ido.

Awo kuma mutum biyu su yi, waɗanda ba su san wane kashi ne a hannunsu ba. Ja, kumburin tantani, kumburin fatar ido, hawaye da kwantsa, kowanne daga 0 zuwa 3, a minti 20. Susa a ɗauka da bidiyon waya a ƙirga daga baya, a bambanta susar ido da ƙafar baya da wankin fuska da hannuwan gaba. Kuma ido biyu na kusu ɗaya ba shaidu biyu ba ne. Kusu takwas, adadinka takwas, ba goma sha shida ba.

Hajiyar Labo:
A ƙara da yanka. Bayan awa 24 a cire ido tare da fatunsa, don eyozinofil a lungun da tantani ya lanƙwasa suke taruwa, in an ciro ƙwayar ido ita kaɗai an bar wurin a baya. Yanka mai kaurin mikron 4 zuwa 5, Giemsa don eyozinofil, shuɗin toluwidin don ƙwayoyin mast. Wajen IgE, kada ka shafa bununi a faranti ka zuba jini kai tsaye, domin bayan magani IgG ta yi yawa za ta mamaye wurin, IgE ta fito ƙasa da gaskiyarta. A fara kama IgE ɗin, sannan a zuba bununi mai alama. Kada kuma ka firgita in IgE ta hau a farkon magani, haka take yi a mutane ma. Kuma ɓera ba shi da IgG4 da ake aunawa a mutum, IgG1 da IgG2a za ka nema.

Doktan Ido, Yamai:
Ni damuwata ita ce abin da za a rubuta a babin ƙarshe. Yaran da ke cika layin asibitocin ido a Yamai da Tawa, masu farin ido da ya koma ruwan ƙasa, da kaurin da ya zagaye baƙin ido da fararen ɗigo a kansa, ciwonsu shi ne wanda muke kira LCET, wato kumburin ido mai daɗewa na ƙasashe masu zafi, wanda Farfesa Diallo na Dakar ya bayyana ya kasa shi mataki huɗu. Ba shi ne alerjin lokacin fure mai sauƙi ba. Kusan rabin masu irin wannan ciwo gwajin fata ba ya nuna musu komai. Ƙwayoyin T da eyozinofil da tabo suna da hannu, rana da ƙura da iska suna rura shi. Ɓeran da aka sa wa ciwo cikin mako uku ba ya yin gyambon baƙin ido irin nasu. Hujja mai ƙarfi a mutane, irin bitar Cochrane ta 2011 kan maganin ƙarƙashin harshe, a kan masu alerjin hanci da ido take, kuma sauƙin da aka samu matsakaici ne.

Ga kuma lissafin awo. Miligiram 1 a ɓera mai giram 20 daidai yake da miligiram 50 a kowane kilo. Mutum kuwa, bisa takardar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 1998, mikrogiram 5 zuwa 20 na babban furotin ake ba shi a allura ɗaya. In aka lissafa a kowane kilo, tazarar ta haura ninki 100,000. Don Allah kada wani ya karanta wannan ya jiƙa bununi ya ɗiga wa yaro ko ya yi masa allura. Ko a inda ake yin maganin bisa ƙa'ida, sai mutum ya zauna minti 30 bayan allura, adrenalin na kusa.

Mai Farmasi, Tawa:
Dokta, wannan gargaɗin ya haɗa da ɗigon deksametazon da iyaye ke saya a tebur. Yana kashe ƙaiƙayi cikin kwana biyu, shi ya sa ake komawa, wata da watanni, har hawan jinin ido ko yanar ido ta kama yaro. Kromoglikat kashi 2 cikin ɗari ko olopatadin, da tsumma mai ruwan sanyi, da hula mai baki, su ne na yau da kullum. Mai kortizon sai da takardar likita, na ɗan lokaci, ana auna ƙarfin ido.

Likitan Dabbobi, Tawa:
Haka yake a dabbobin gida. A karnuka masu alerjin fata ana yin allurar saba wa jiki, idonsu ma sau da yawa yana cikin ciwon, kuma ba a yanke hukunci sai an yi wata 9 zuwa 12. Amma jan ido da hawaye a garken shanu ko tumaki a nan, a fara zargin ƙwayar cuta da ƙuda ke yaɗawa, ko tsutsar ido ta Telaziya, ko ƙayar ƙarangiya da ta maƙale ƙarƙashin fatar ido. A ɗiga fuloresen a duba, in wuri ya kama kore akwai gyambo, kortizon bai shiga wannan ido ba.

Ɗalibin Masta, Yamai:
Allah ya saka da alheri. Na sake tsarin: kashi biyar, kamuwa kafin magani, hutun mako huɗu, awo a ɓoye. Amma da rabawar nan biyu adadin ɓeraye ya kai 80 in na sa takwas-takwas. Kwamiti zai yarda?

Hajiyar Labo:
Kada ka ɗauki takwas don an saba. Yi ɗan gwajin farko da ɓeraye shida da suka kamu da shida da ba su kamu ba, ka ga yadda adadin eyozinofil ke bambanta tsakaninsu, da shi za ka lissafa adadin da kake buƙata ka nuna wa kwamiti. Kashin deksametazon da na waɗanda ba su kamu ba ba sai an raba su biyu ba, nan ka rage 16. Hanya ɗaya ka zaɓa a wannan karon, ta ƙarƙashin fata, ka bar ta harshe ga wanda zai biyo bayanka. Sannan ka duba kalanda: in hatsin gonar da ka zaɓa zai yi bununi a watan Agusta, jakunkunan takarda da silika da rariya su kasance a hannunka tun Yuli, kuma kada ka yi odar ɓeraye sai jel ya nuna maka layin kilodalton 30 ɗin nan.